Ranar da Ya Falmata Ta Caje Uwar Mijinta

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Falmata, Allah ya jiƙanta. Har yanzu idan jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa ta saman gidanmu a unguwar Gomari, inuwarsa ta ratsa tsakar gida, nakan ɗaga kai daga littafi in ji kamar yanzu za ta turo ƙofa ta ce a ba ta ruwan randa. Ni ba mai yawan magana ba ce, a aji ma sai an kira sunana nake buɗe baki. Shi ya sa na zaɓi in rubuta.

Ya Falmata ma'aikaciya ce a filin jirgi, a ɓangaren binciken mata. Wani ɗan lungu ne mai labule. Mace ta shiga, ta ɗaga hannuwa, a shafa ta daga kafaɗa har idon sawu, sannan a buɗe jakarta. Shekarun nan ne da hanyar Damaturu ta zama abin tsoro, mai hali sai ya bi ta sama. Shekarun ne kuma da ake ɗaura wa 'yan mata abin fashewa a ƙarƙashin hijabi, a tura su cikin jama'a.

Wata rana da yamma, ina tsefe mata kai a gindin darbejiya, ta ce mini ita ba na'ura ce damuwarta ba. Na'ura idan an ɗauke wuta ta mutu, sai a koma ga hannu. Hannu kuwa yana jin kunya. Dattijuwa ta gaishe ki da Kanuri, ta tambayi lafiyar mutanen gida, sai hannunki ya wuce ta saman mayafi kawai. Ga kuma saƙo. A bakin ƙofa kullum akwai masu ƙulli a hannu, suna neman matafiyin da zai kai wa ɗa ko 'ya a Abuja. Mu a nan ba ma ƙin karɓar saƙo, ba ma kuma tambayar abin da ke ciki, don tambayar kanta zargi ce.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Hajja Bintu, uwar mijinta Modu, za ta je ganin likitan ido, ni kuma na riƙe mata jaka har zuwa teburin bincike. Abokiyar aikin Ya Falmata ba ta zo ba, ita kaɗai ce a ɓangaren mata. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta miƙe tana kallon wani ƙulli a hammatar Hajja.

"Hajja, wannan na waye?"

"Wata baiwar Allah ce ta ba ni a waje. Ɗanta zai karɓa a can."

"Kin san ta?"

"Sai na san mutum zan taimake shi?"

"To zan buɗe, Hajja. Ke ma ki shigo daga ciki."

Hajja ta dube ta sama da ƙasa. "Ni? 'Yar nan, ke da ko cin abinci ba kya yi a gabana, yau jikina za ki taɓa?"

Wata mata a layi ta ce, "Haba ma'aikaciya, uwar miji ce fa!" Wani ɗan kasuwa daga layin maza ya ce a yi wa Allah a sasanta, kada jirgi ya tashi ya bar su a kan rikicin gida. Aka yi dariya. Ya Falmata ba ta yi ba. Ta ɗaga labule ta tsaya tana jira.

Abin da na gani daga nan ƙafafu ne kawai ta ƙasan labulen: na Hajja masu lalle, a tsaye cak, da baƙaƙen takalman yayata suna zagaya su a hankali. Har yau haka nake ganinsu a mafarki, babu sauti, labulen yana ɗan motsi.

Da aka kwance ƙullin, turaren wuta ne da kwalbar humra da busasshen kifi. Ƙamshi ya cika wurin. Na sha tunanin cewa da wani mugun abu aka samu, da gari ya ɗauka da yabonta. Tun da ba a samu komai ba, sai ta zama marar kunyar da ta tozarta surukarta a gaban mutane.

Da Hajja ta dawo gidansu na unguwar Shehuri, ta daina amsa gaisuwar Ya Falmata. Kwanon abinci yadda aka kai shi haka yake dawowa a rufe. Modu ya ce wa matarsa ko ta ce kuskure ta yi, ko ta bar aikin. Ta je ta durƙusa ta ba da haƙuri a kan ɓacin rai, amma ta ƙi cewa kuskure ne. A ƙarshe ta dawo Gomari da akwatinta, ba saki ba zama. Tana son mijinta. Nakan ga ta ninke rigar da ta saya masa ta sake warwarewa. Kowa ya ce Hajja za ta huce, a ba ta lokaci. Zazzaɓi mai zafi ya riga hucewar zuwa, ya tafi da Ya Falmata.

Ranar jana'iza, kafin a nemo mai wanka, sai ga Hajja ta shigo ba ta kalli kowa ba. Ta naɗe hannun riga ta ce ita za ta wanke ta. Da ta fito ta zauna kusa da ni, sannan ta ce, "Ranar nan hannunta rawa yake yi. Na ji shi a jikina. Amma bai tsaya ba."

Yanzu gari ya lafa. Kasuwa na ci, motoci na bin hanya. Nakan tambayi kaina me Ya Falmata za ta ce da ta ga yau. Na'urori sun ƙaru, amma masu ƙulli suna nan a bakin ƙofa, kuma har gobe muna jin nauyin buɗe kayan wanda ya girme mu. Ina jin ba za ta yi faɗa ba. Za ta ce zaman lafiya ma yana sa hannu ya yi sanyi, ta koma bakin aikinta.

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Na daɗe ina neman abin da ya rage nata a duniya, sai bara na gan shi, da na sake raka Hajja filin jirgi. Ta tsufa, da sanda take tafiya. Yarinyar da ke bakin labule ta sunkuyar da kai ta ce, "Wuce, Kaka." Hajja ta miƙo mini sandar, ta ɗaga hannuwanta biyu, ta ce, "Ban wuce ba. Zo ki yi aikinki, 'yar nan. Ki fara daga kafaɗa."