Ɗantala, Wanda Ya Fara Cin Garin Rogo

Kullum kafin hantsi Ɗantala ya gama ɗora wa jakunansa gishiri da kanwa. Yau Ɗan Kassari, gobe Sukukutane, jibi kasuwar Dogon Dutsi. Shekara talatin da biyu yana wannan zirga-zirga. Bana gwiwa ta ƙi, ya zauna. Shi ya sa zan faɗi abin da na gani tun yana ji da kunnensa.

Shekarar da gero ya ƙone, rumbuna suka yi wayam, Nwosu, Ibon nan mai kanti kusa da gidan kumandan, Baturen mulki, ya haɗa kai da danginsa suka ciko mota da garin rogo daga ƙasar Ingilishi, can tsallaken iyakarmu ta kudu. Wannan haɗin kai nasu ne, sai dai mu sara musu. To amma ya jibge buhuna, ya kafa sikeli, ya zauna jiran masu saye. Kwana tara ba wanda ya leƙo. Mutanenmu ba su san abin ba, har ana raɗe-raɗin ƙashi ne aka niƙa. Ga abinci, ga mutane na mutuwa!

Ɗantala ya same shi. "Ba ni buhu shidda in kai ƙauye. Amma sai an ɗanɗana."

Nwosu ya riƙe kai. "Ɗanɗano kyauta? Wane irin ciniki ne wannan?"

"Irin namu. Ba mu sayen abin da ba mu ga wani na ci ba."

A Sukukutane, a gaban idona, ya jiƙa garin da ƙuli-ƙuli tsakar kasuwa, ya yi bisimilla, ya cinye, ya zauna. Aka zagaye shi ana jira ya faɗi. Har la'asar mutum na nan daram, yana ta ba'a. Sai Shatu, wadda ta binne 'ya'ya biyu a makon, ta miƙo ƙwarya ta ce: "Tunda kai ka ci, ɗiyata ma ta ci."

Ƙauye goma sha ɗaya ya yi haka.

Kai ne, Ɗantala, namijin da bai riƙe takobi ba. Nwosu ya kawo abinci gari, kai ka kai shi bakin mutane. Wallahi, in na tuna, tsikar jikina tashi take.

Mun gode, Allah ya saka. 'Yan kasuwarmu, ku koyi haɗin kan Nwosu, amma kada ku sayar wa mutane abin da ba ku fara ci ba. Ɗiyar Shatu na nan da ranta. Bana ta fara ɗaukar tulu.