Gaisuwar Tsaye a Zauren Maɗori

Mudassir shi ne na huɗu a 'ya'yan Malam Babaji maɗori, wanda gidansa ke Ƙofar Guga, katanga ɗaya da namu. Na girme shi sosai, da yayansa Iro muka yi makaranta. Abin da zan kawo a nan, wani da idona na gani a zauren mahaifinsa, inda nakan zauna bayan La'asar idan na taso daga ofis, wani kuma Mudassir ɗin ne ya faɗa mini da bakinsa bayan ya dawo gida.

Sai an san uban kafin a gane ɗan. Malam Babaji gadon ɗori ya yi. Karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, duk zaurensa ake kawowa, har daga ƙauyuka. Kayan aikinsa ba su wuce kara da tsumma da man shanu ba, sai hannunsa. Ba ya korar kowa, amma idan aka kawo masa ɗan dambe ko ɗan kokawa, yana ɗaurewa yana faɗa. "Allah ya haɗa ƙashi," yakan ce, "kai kuma ka tahi kana raba shi don a yi maka kiɗa." Dokar gidansa biyu ce. Ta farko, babu ɗansa da zai ci abinci da dukan jikin wani. Ta biyu, kowane ɗa, komai girmansa, da safe zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Iro yana da jikoki yanzu, amma bai taɓa fita kasuwa ba tare da ya karɓi wannan kalma ba.

Mudassir ya taso da jiki irin wanda ba a saba gani a gidan ba. Tun yana ajin tsakiya a sakandare ya fi malamansa tsawo da faɗi, abokansa suka laƙaba masa Ganuwa. Yana jifan dalma, yana kuma ƙwallon kwando. Wata shekara aka tara dogayen yara a Abuja don gwaji, wasu baƙi suka zaɓe shi, aka yi masa tayin karatu kyauta a wata makaranta a Amurka idan zai riƙa buga musu wasa. Da maganar ta zo gaban Malam, tambaya ɗaya ya yi.

"Wasan nan, ana dukan mutum a ciki?"

Iro ya ce, "A'a Baba, ƙwallo ce ake jefawa cikin raga."

A lokacin gaskiya ya faɗa. Malam ya sa albarka, yaro ya tafi.

Can aka ga hannunsa bai iya saitin kwando ba, amma idan ya tsaya wuri babu mai iya ture shi. Sai mai horar da ƙwallon Amurka na makarantar ya ɗauke shi. Wannan wasa ba irin ƙwallon ƙafarmu ba ne. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, rungume ta ake yi a gudu da ita, ɗaya ɓangaren kuma aikinsu su kayar da wanda ya ɗauko ta. Ana sa hular kwano da sulke a kafaɗa saboda ƙarfin karon. Matsayin da aka ba Mudassir ana ce masa lainbaka, wato wanda ke tsayawa bayan sahun farko na masu tsaro, ya lura da inda za a bi da ƙwallo, ya riga mai ita isa wurin, ya kai shi ƙasa.

Ya ce mini ƙarfi shi ne ƙaramin abu a aikin. Babban abin shi ne ido. Kafin a fara, yakan dubi yadda mutanen da ke gabansa suka dasa ƙafa da inda suka jingina nauyinsu, daga nan ya san ko gudu za a yi ko jifa. Ya ce a zaure ya koyi wannan, yana yaro, yana kallon yadda Malam ke gane ciwon mutum tun daga takunsa kafin ya zauna.

Daga sakandare ya samu jami'a, ya gama karatun kasuwanci. Ba ya cikin waɗanda manyan ƙungiyoyi suka yi rububinsu. Gwaji aka kira shi, ya tsaya, aka riƙe shi. Ya yi shekaru kamar shida yana wasa a matsayin sana'a, a ƙungiyoyi uku, wani lokaci a cikin fili, wani lokaci a benci, wani lokaci a sallame shi ya zauna yana jiran waya. Bai yi suna irin wanda yaran unguwa suke zato ba. Ya dai gyara gidan mahaifinsa, ya kai mahaifiyarsa Hajiya Indo Makka, ya aurar da ƙanwarsa Ramla. A cikin shekarun nan yatsunsa suka karye suka haɗe a karkace, kafaɗarsa ta goce ba sau ɗaya ba, aka yi ta yi masa aiki a gwiwar dama har aka sa ƙarfe. Bayan aikin ƙarshe gwiwar ta daina lanƙwasuwa sai kaɗan. Ƙungiyar ta kira shi ofis, aka yi masa godiya, aka sallame shi.

Duk wannan lokaci, a Ƙofar Guga samari suna kallonsa a waya yana tashi sama da ƙato yana maka shi da ƙasa, suna ihu suna cewa Ganuwa ya rushe wani. Malam kuwa idonsa ya riga ya yi yana, ba ya ganin komai sai inuwa. Babu wanda ya zauna ya shirya a ɓoye masa. Kawai dai duk wanda Malam ya tambaya sai ya ce, "Yana nan yana ƙwallo," a wuce wurin. Hajiya Indo ta sani, ba ta taɓa yarda ta kalla ba.

Ranar da ya dawo ina zauren. Ya shigo sai da ya sunkuyar da kai saboda ƙofa, ya cire takalmi, ya tsaya daga bakin tabarma, ya ranƙwafa iya yadda zai iya.

"Baba, barka da yamma. Mun same ku lafiya?"

Malam ya ɗaga fuska sama, wajen da muryar ta fito. Ya ce, "Lahiya lau. Kun sha hanya." Bai ƙara komai ba.

Washegari haka, jibi haka. Mudassir yana zuwa kowace safiya, ya gaida shi a tsaye, Malam ya amsa kamar yadda ake amsa wa mai karɓar kuɗin wuta. Iro ya durƙusa a sa masa albarka, autansu ya durƙusa a sa masa, Mudassir yana tsaye yana ji. Ya kama gida can wajen Ƙofar Marusa, ya buɗe shagon kayan gini, a masallacin can yake salla a kan kujera a ƙarshen sahu. Dattawan unguwarmu ba su san da kujerar ba. Abin da suka sani shi ne ɗan Malam ba ya durƙusa wa ubansa, ba ya kuma salla a masallacinsu.

Ƙanen Malam, wato Malam Sammani, shi ya fi kowa ɗaukar zafi. Idan Mudassir ya shigo sai ya ce, "A'a, ku ba Bature hanya. Ko a kawo maka tsani ka sauko mu gaisa?" Mudassir ya yi murmushi ya ce, "Baffa, ina wuni." Shi ke nan.

Wata rana na je shagonsa sayen famfo, na tarar da Ramla tana yi masa faɗa, ba ta ma damu da shigowata ba.

"Yaya, don Allah mene ne wahala a ciki? Ka ce masa gwiwa ce ta lalace. Ko ni in faɗa masa?"

"In kin faɗa, me zai ce?"

"Zai ce kawo in gani."

"To. In ya taɓa gwiwa zai taɓa kafaɗa, in ya taɓa kafaɗa zai kama hannu. Kin san hannun Baba. Ba zai ce kwando ne ya yi wannan ba."

"Sai ka zauna ya mutu bai sa maka albarka ba? Kai da kake kayar da ƙatti, tsoho makaho ya gagare ka."

"Ƙattin ba su haife ni ba," in ji shi.

Daga nan na gane lissafinsa. Idan ya tsaya a tsaye, uban zai riƙe shi mai girman kai. Idan ya sauka inda hannun uban zai kai gare shi, uban zai san ya karya dokar gidan shekara da shekaru. Ya zaɓi na farko, yana fatan wata rana Malam zai gaji ya haƙura. Malam kuwa ba ya cikin masu gajiya, ga shi jikinsa ya fara ja baya a daminar nan, har ya rage karɓar masu karaya.

Abin ya zo ƙarshe ranar ƙaramar Salla. Al'adar gidan, bayan an sauko daga Idi, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta sukan cika zauren, a riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Mudassir, Malam Sammani ya buɗe baki zai fara, sai Malam ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Sammani. Wanda ya ga duniya ba a tilasta mashi. Na gaba ya zo."

Mudassir bai matsa ba. Ya dafa bango da hannun hagu, ya fara sauka. Gwiwar hagu ta kai ƙasa. Ta dama ta tafi rabi ta tsaya, ya danna ta, muka ji ƙara kamar an taka busasshen kara, nauyinsa ya rinjaye shi ya faɗi ta gefe. Ƙafar dama ta miƙe sambal har ta taɓa cinyar mahaifinsa.

"Subhanallahi!" in ji Malam Sammani. "Yau kuma ƙafa ake miƙa wa uba?"

Hannun Malam ya riga ya sauka kan ƙafar, kamar yadda yake sauka kan kowace ƙafa da aka kawo zauren. Ya ja wandon sama, ya bi tabon ɗinki da babban yatsa, ya danna gefe da gefe, ya gwada lanƙwasawa ya ji inda ta tsaya.

"Akwai ƙarhe a nan."

"Akwai, Baba."

"Matso."

Ya ja jiki ya matsa. Malam ya laluba kafaɗa, ya daɗe a wurin, sannan ya kama hannayen biyu ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba faɗuwa ba ce. Wannan karo ne, kuma ba na rana ɗaya ba. Wa ya yi maka?"

"Sana'ar ce haka, Baba. Ba kwando ba ne. Tun shekarar farko aka canza mini."

"Kai ma kana yi wa wasu?"

"Aikina ke nan."

"Akwai wanda bai tashi ba?"

"Akwai ɗaya. Ya tashi daga baya, amma bai sake wasa ba. Bayansa ne ya taɓu."

Malam ya saki hannun. Ya juya fuska ya bi zauren da ita, duk da ba ya ganinmu. "Duk kun sani ke nan." Malam Sammani, wanda shi kaɗai ne da gaske bai sani ba, ya ce, "Wallahi Yaya ni ban da ni," wani jika ya yi dariya aka make shi.

"Ku ɗaga shi," in ji Malam.

Sai da Iro da wasu maza uku suka haɗu kafin ya miƙe, Iro yana nishi yana cewa gara buhun siminti. Malam ya ce kowa ya tafi, ya gaji. Ranar bai sake sa wa kowa albarka ba, har waɗanda ba a kai kansu ba.

Washegari da safe ina fita zuwa gaishe-gaishen Salla, na ga abin da ban taɓa gani ba. Malam ba ya kan tabarmarsa. Yana zaune a kan dakalin ƙofar gida, an ajiye benci a gabansa, ga ɗan kwanon man shanu a gefe. Mudassir ya iso yana ɗingishi, ya tsaya ya gaishe shi.

"Zauna nan ka ɗora ƙafar," in ji Malam. "Ba warkewa za ta yi ba, kada ka sa rai. Waɗanda suka yi aikin sun iya, ɓarnar ce ta yi yawa. Kumburin jiya dai zan sauke."

Ya fara murzawa. Can ya ce, "Mutumen nan mai baya, kana da hanyar samun shi?"

"Zan iya nema."

"Ka neme shi ka tambayi jikinshi. Ka ce ubanka ya ce a gaishe shi." Ya ƙara lakato mai. "Dokata ka karya, wannan shina nan, ban ce babu ba. Amma na zaci raina ni ka yi, ashe tsoro ne. Daga yau ka gaishe ni a tsaye. Wanda ya yi magana ka turo shi wurina, ko Sammani ne."

Ya gama, ya sauke wandon, ya ɗan bugi gwiwar da tafin hannu kamar yadda yake yi wa kowa idan ya kammala ɗori.

"Tashi ka tahi. Allah shi yi maka albarka."

Mudassir yana nan da shagonsa a Ƙofar Marusa. Ya dawo salla a masallacin unguwarmu duk ranar da ya kwana a gidan mahaifinsa, da kujerarsa. Ya samu mutumin nan a waya, yana koyarwa a wata makaranta, sukan gaisa lokaci-lokaci. Samari sun sha roƙonsa ya koya musu wasan, yakan ce su zo ya koya musu jifan dalma. Bencin yana ƙofar gidan har yanzu, kuma Malam bai koma kan tabarma da safe ba.