Ranin da Na Zauna Gida da Jita

A Matameye da an gama zuba gero a rumbu, maza sai su fara ɗaure kaya. Wasu su tsallaka iyaka su nufi Kano, wasu Kaduna, wasu har Ikko, ba a sake ganinsu sai hadari ya fara haɗuwa. Ni ma shekaru da dama haka na yi, sai dai ni ba dako ko ga-ruwa nake zuwa yi ba. Jita nake kaɗawa, irin mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, a wata ƙungiya da ke wasa a wani otal a Jos. Kiɗan rok muke yi, mai ƙarfi, muna cakuɗa shi da na gida. Mai gangunanmu ɗan Tsauni ne, nan kusa da mu, tare muka yi lakol, wato makarantar boko, shi ya fara kai ni can.

Shekarar da nake ba da labari, ana cikin girbi Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, 'yan'uwana mata duk suna gidajen aurensu, Inna kuma ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Da mai ganguna ya zo yi mini sallama, a zaure muka tsaya.

"Ka zauna ka kula da tsoho," in ji shi. "Wurinka na nan, ba mai taɓa shi."

Kayan kiɗana ba su da yawa. Akwai jitar, ja ce, fentin wuyanta ya goge inda hannuna ke yawan zama. Akwai amfili, baƙin akwati mai lasifika ɗaya wanda ke fitar da muryarta, na saye shi kwance a Kano, kusurwarsa ɗaya a fashe. Sai wata 'yar feda da nake takawa da ƙafa in ina son murya ta yi kaushi. Duk na jera su a tsohon ɗakin da ke bayan gida, inda muke ajiye harawa. Baba bai taɓa hana ni kiɗa ba, bai kuma taɓa tsayawa ya saurara ba. Garayar Nasara yake kiran jitar, in zancenta ya taso sai ya kama wani.

Aikina kullum iri ɗaya ne. In yi masa wanka, in ba shi kunu da ludayi, in juya shi kada jikinsa ya yi gyambo. Harshensa ya yi nauyi, don haka na ajiye masa kwano da cokali kusa da hannun hagu, in yana nemana sai ya buga. Bayan azahar barci kan ɗauke shi, a nan nake samun shiga ɗakin harawa, in an yi sa'a akwai kuran. Sai in rage muryar amfili ƙasa sosai don kada in tashe shi. Kiɗan rok kuwa ba a yi shi don raɗa ba. Ina kaɗa waƙoƙinmu, in na zo inda mai ganguna ke shigowa sai in tsaya in bar masa wurinsa, ba abin da nake ji sai tukunyar Inna da kukan akuya.

Unguwarmu ta koma ta mata da tsofaffi. Majalisar da muke shan shayi ta watse, benci kawai ya rage a gindin itacen bedi. In na fita ɗebo ruwa, matan maƙwabta su gaishe ni da jikin Baba, sannan su tambaya ko na ji labarin mazansu, kamar Najeriya gari ɗaya ce. Ba wanda zan yi wa zancen kiɗa. Da siririyar tsirkiyar jitata ta tsinke, na zagaye kasuwa ban sami mai sayarwa ba. Wani bakanike a bakin tasha ya ba ni tsohuwar wayar birkin moto, wato babur, na warware ta na zare sili ɗaya na ɗaura. Tana yanka yatsa, muryarta kuma da ɗan tsami, amma tana yi.

Ana tsakiyar zafi mai ganguna ya kira ni a salula. Muna gaisawa ina jin gwajin kiɗa a bayansa, ina kuma jin wata jita tana bin hanyar da ni na tsara a wata waƙarmu.

"Wa ke kaɗawa?" na tambaye shi.

"Mai otal ne ya matsa. Mun ɗauki wani, kafin ka dawo."

"Ya iya," na ce. Gaskiya na faɗa, hannunsa ya fi nawa tsabta.

Ranar kasuwa ta zagayo, Inna ta tafi, unguwa ta yi tsit. Na shiga ɗakin harawa na murɗa amfili har ƙarshe, na taka feda. Rabona da jin wannan ƙarar a ƙirjina tun Jos. Ƙasa ta riƙa zubowa daga rufin, tantabaru suka tashi, na kaɗa har wayar birkin ta fasa mini yatsa ban daina ba. Can sai kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi, akwatin ya yi wani ɗan tari, ya mutu. Warin ƙuna ya cika ɗakin. A cikin shirun ne na ji cokali yana bugun kwano, ban san tun yaushe yake bugawa ba.

Na shiga da sauri ina tsammanin wani abu ya same shi. Yana kwance yadda na bar shi, idonsa biyu.

"Kawo ta," ya ce, da ƙyar.

Na ɗauko jitar na durƙusa gefen tabarmarsa. Ya ɗora hannun hagu a jikinta, ya shafa, ya taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Ita ke wannan ruri?"

"Akwatin ne, Baba. Ya ƙone yanzu."

"Ita kaɗai fa?"

Na kaɗa masa haka nan ba kuran. Jita irin wannan in ba amfili, muryarta ba ta fi ta sauro ba, sai wanda ke kusa yake ji. Ya saurara idonsa a rufin ɗaki, har barci ya ɗauke shi.

Mai gyaran rediyon garinmu ya buɗe amfilin ya ce abin da ya ƙone sai Damagaram, ni kuma ba halin in bar gida yini guda. Daga nan na daina zuwa ɗakin harawa. Bayan azahar sai in zauna gefen Baba in kaɗa a hankali. Bai taɓa cewa ya ji daɗi ba. Wata rana ya bar ni in yi ta yi, wata rana ya ɗaga hannu tun ban yi nisa ba, in ajiye.

Ya rasu ana dab da shuka. Masu cirani sun fara dawowa, don haka an sami jama'a a jana'iza. Mai ganguna ya zo gaisuwa, muka zauna tabarma ɗaya kwanakin zaman makoki, bai ɗauko zancen Jos ba, ni ma ban ɗauko ba. Da kaka ta yi ya koma. Ni na zauna, don ba wanda zan bar wa Inna.

Sai bayan girbin nan na ɗauki amfilin na shiga taksi zuwa Damagaram. Mai gyaran wani dattijo ne mai tabarau, shagonsa cike da matattun talabijin. Ya canza abin da ya ƙone, ya haɗa, ya ce in gwada. Da ma na zo da jitar. Na kaɗa rabin wata waƙarmu da ƙarfi, wasu masu wucewa suka tsaya a bakin ƙofa, wani mai moto ya rage gudu ya leƙo.

"Ya yi," in ji dattijon, ya juya ga wata mata da ta kawo fanka.

Mutanen suka watse. Direban taksin dawowa ya so ya ɗaure akwatin a saman mota tare da buhuna, na ƙi. Na rungume shi a cinya, jitar a tsakanin gwiwoyina, ƙafata ta yi sanyi tun ba mu yi rabin hanya ba. Da na iso Inna tana bakin murhu, ta dube ni ta dubi kayan, ta ce in ajiye in zo in ci tuwo tun da zafinsa.