Tsallaka Titin Mararaba da Malam

Lokacin da aka tayar da ma'aikatarmu daga Legas zuwa Abuja, ni ƙaramin akawu ne a ɗakin ajiye fayil. Ban yi aure ba, kayana duka akwati ɗaya ne da katifa. Gidajen gwamnati ba su kai kanmu ba, mu na ƙasa, sai kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Ni na samu ɗaki a Mararaba, a wani gidan haya. Ɗakin da ke jikin nawa na wani dattijo ne abokin aikina, wanda kowa ke kira Malam. Shi ke haɗa waya a ma'aikatarmu: duk wanda ya bugo, muryarsa zai fara ji, shi zai sada shi da ofishin da yake nema. Malam ba ya gani, ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Iyalinsa ya kai su Zariya, ya ce sai ya ga kamun ludayin sabon garin tukuna.

A Legas bai taɓa neman ɗan jagora ba. Shekara da shekaru yana bin hanya ɗaya, ya san inda mai ƙosai take, ya san inda kwalbati ta fashe, kuma motocin can cunkoso ya hana su gudu. A Mararaba kuwa babu abin da zai riƙe. Ana cikin faɗaɗa titin da ya nufi cikin gari, yau ka tarar da tulin tsakuwa a nan, gobe an kwashe an haƙa rami. Bas ɗin ma'aikata kuma a ɗaya gefen titin yake tsayawa da safe, kuma ba ya jiran kowa. Kafin ka kai gare shi sai ka bi ta kan wani katako da aka gitta a kan lambatu, ka tsallake hannu ɗaya na titin, ka ratsa ta wata 'yar kafa a jikin kankaren da ya raba titin biyu, sannan ka tsallake ɗaya hannun. Babu gada, babu fitilar ba da hannu, babu ɗan sanda.

Ba shi ya roƙe ni ba. Ranar farko na gan shi tsaye a bakin lambatun yana lalube da sanda, na ce, "Malam, mu je tare." Ya kama gwiwar hannuna. Daga ranar ya zama aikina.

Ban taɓa faɗa masa irin tsoron da nake ji duk safiya ba. In kai kaɗai ne, ka hango tirela, sai ka sheƙa. Da mutum a hannunka ba ka da wannan damar. Sai na tsaya ina auna motoci, ina cewa yanzu, a'a, bari wannan ta wuce. Shi kuwa yana jin komai ta hannuna.

"Hannunka na rawa, ƙanena," ya ce mini wata rana.

"Sanyin safiya ne, Malam."

"To, Allah ya kawo zafi."

Muna cikin haka sai ogana ya kira ni ya ce zan koma Legas in tattaro ragowar fayil ɗin da aka bari, in biyo motar da za ta kwaso su. Kwana goma. Abin da ya fara faɗo mini a rai titin nan ne. Maƙwabtanmu ba wanda ke fita lokacinmu. Sai na tuna da wata Bagwariya mai sayar da doya a bakin titin, wadda muke kira Mama. Tun kafin gari ya gama wayewa take sauke kayanta, kullum muna gaisawa. Na same ta na yi mata bayani.

"Kar ki damu, oga," ta ce. "Ni zan kai ta har mota." A Hausar Mama kowa mace ne.

Malam bai so ba, ya ce na ɗora wa baiwar Allah nauyi, amma ya haƙura da na ce in ba haka ba hankalina ba zai kwanta ba.

A Legas na samo dabara. Kullum da hantsi sai in shiga tsohon ofishinmu in buga wayar ma'aikata ta Abuja. Layin da ƙyar yake shiga, wani lokaci sai na juya lambar sau goma. In ya shiga sai in ji muryar Malam yana gaisuwar aiki da Turancinsa mai tsabta, in ce, "Malam, ni ne." Ya ce, "Na tsallako, je ka yi aikinka." Shi ke nan, in ajiye.

Rana ta biyar wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake bugawa. Can sai wata mace ta ɗauka.

"Ina Malam?" na ce.

"Bai zo ba yau."

"Lafiya?"

"Wallahi ban sani ba. Ni ma ce mini aka yi in zauna a wurin."

Na roƙe ta ta tambayi direban bas. Ta ce in sake bugowa. Na wuni ina juya lamba, layin bai ƙara shiga ba. Washegari ita ce dai ta ɗauka. Ta ce direba ya ce bai gan shi a tasha ba jiya da yau, amma ya ji an ce mota ta buge wani a wajen Mararaba, bai san ko wane ne ba.

Na ajiye wayar, na zauna a kan ƙullin fayil. Na je wurin babban da ke kula da kwasar kayan na ce a bar ni in tafi. Ya ce ni na sa hannu na karɓi fayil ɗin, ni zan miƙa su, in jira mota. Kwana huɗun da suka rage ban san me na ci ba. Ina ɗaure takardu ina ganin katakon nan, ina ganin sandar Malam yashe a kan kwalta. Na yi ta tuhumar kaina: me ya sa ban nemi namiji mai ƙarfi ba, me ya sa ban ce wa oga ya tura wani ba. Matar da ke ɗaukar wayar ta gaji da ni, da ta ji muryata sai ta ce, "Har yanzu dai."

Da muka iso, kafin mu kai fayil ɗin ofis sai na roƙi direban ya bi da ni Mararaba. La'asar ce. Wurin Mama babu kowa, ko buhu babu. Na shiga gida da gudu.

Malam na zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, rediyo a gefe, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma.

"Tafiyarka na ji," ya ce. "Sannu da hanya. Me ya koro ka?"

Na durƙusa kusa da shi. Sai da na sha ruwa ya ba ni labari.

An yi wa Mama rasuwa a ƙauyensu, ta tafi ba shiri. Ranar ya jira ta har ya ji lokaci na ƙurewa, sai ya roƙi wani mai wucewa. Mutumin ya kai shi tsakiyar titi, ya hango motar da shi kansa zai hau za ta tashi, ya ce yana zuwa, ya sake shi. Malam ya lalubi kafar da muke bi, sanda ta daki kankare. Ashe masu aikin titi sun toshe ta, sun kuma matsar da tashar can gaba.

"Na tsaya, mota ta gabana, mota ta bayana, iskarsu na kaɗa mini riga," ya ce. "Na ɗaga sanda, na yi sallama, ba mai ji. Wani ma kuɗi ya jefo mini ta taga. Ban san iya daɗewar da na yi ba, na dai ji rana ta fara cizo. Can sai na ji motocin sun yi tsit, na ji kofato. Wani Bafulatani ne zai kai shanu kasuwa. Ya ce, 'Baba, me kake yi a nan?' Na ce gida nake so. Ya ba ni bakin sandarsa na riƙe, muka tsallako a tsakiyar shanu. A katakon ne ƙafata ta zame, na yi targaɗe."

Ya ɗan yi dariya. "Shanu dai ana tsaya musu."

Ni ban iya dariyar ba. Wanda motar ta buge, daga baya muka ji, wani mai gyaran takalmi ne, kuma bai tashi ba.

Mun rubuta takarda, mu mazauna gefenmu, muka roƙi a buɗe mashiga daura da tashar, a sa mai tsayar da motoci da safe. Ni na buga ta da tafireta, na kai da hannuna. Aka ce za a duba. Na kuma nema wa Malam ɗaki a ɗaya gefen, har na samu, sai ya ce, "To da yamma fa? Bas zai sauke ni a nan, in tsallaka can da magariba?" Ban yi wannan tunanin ba.

Da ƙafar ta warke muka ci gaba da fita tare, yanzu da ƙarin tafiya mai nisa a gefen kwalta kafin mu kai inda za a iya ratsawa. Bayan wata uku ya nemi a mayar da shi ofishinmu na Kaduna, kusa da iyalinsa, aka amince. Ni na raka shi tasha, na sa masa jakarsa a but ɗin mota. Ya ce in na yi aure in kawo masa amarya su gaisa, na kuwa kai ta.

An gina gadar masu tafiya a ƙasa bayan shekaru, lokacin har na yi 'ya'ya uku. Ta yi nisa da inda bas ke tsayawa, matakalarta kuma a miƙe take, tsofaffi sai sun huta a tsakiya. Yawancin mutane ta ƙasa suke bi har yau. 'Yata ta fari tana aiki a cikin gari yanzu, kuma duk safiya sai na ce mata ta hau gada. Takan ce to, Baba. Ban sani ba ko tana hawa.