Lambobin Kawu a Ƙunshin Ƙosai

Litinin: Zariya zuwa Ƙanƙara

Mun tashi ƙarfe biyar da kwata na asuba, ƙarshen damina, mu uku a Landirobar jami'a. Akwai Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, mai tattaro tsirran daji dangin wake domin ɗakin da ake adana su, da Malam Audu direba, sai ni da na yi mako biyu ina magiya. Sharaɗin Kawu ɗaya ne: na yi ɓarna, a mai da ni gida a motar shanu.

Gaba da Funtuwa ɗan sanda ya tare mu, ya ga jaridu tuli a baya.

"Duk kun karance su?"

"Ranka ya daɗe, ciyawa za mu koya wa karatu," in ji Malam Audu.

Ƙarfe tara muna Ƙanƙara. Kwana biyu muna bin fadamu. Kawu zai tsinko biya-rana ko waken gizo, da fure da kwanso, ya shimfiɗa cikin jarida, ya rubuta lamba a gefenta. Lambar nan ce a littafinsa da taswira, ita ke nuna inda aka samo shi. Sai a matse tsakanin katako biyu. Mun tara arba'in da ɗaya. Ni kuma na tara ƙaya dubu bakwai a ƙafa.

Laraba: Faskari

Muka bi ta Sheme, ramuka na wurgi da ni har rufin mota. Mun sauka gidan wani malamin firamare mai sabon babur, yana goge shi sau tara a yini.

Washegari da sassafe Kawu zai fita, ya ce in sauya jaridun waje da suka yi damshi. Ni sarkin ƙoƙari na sauya har na ciki masu lamba. Tsofaffin na kai wa Inna Laraba mai ƙosai a bakin tasha, ta cika mini kwano.

Da Kawu ya dawo ya buɗe katakon, ya juyo ya dube ni.

"Ina lambobina? Tsiron da ba shi da lamba harawa ne. Audu, nemo motar shanu."

Na zura da gudu sai tasha. Inna ta riga ta ƙunshe wa rabin Faskari ƙosai.

"Mi ya faru, ɗana? Kuka da gemu na tafe?"

Da ta ji labari ta ajiye matsami, ta bi masu sayenta ɗaya-ɗaya, don duk ta san su.

"Kai mai faci, miƙo takardata! Alhaji, kar ka goge hannu da ilmin mutane!"

Kafin azahar an dawo da arba'in, sun sha mai sharkaf. Allah ya taimake ni, kowane ganye ya bar shatinsa a jaridar da ya kwanta, muka riƙa gwadawa muna mai da lamba. Jaridar ɗayan kuwa wata akuya ta riga ta cinye ta. Kuma tsiron shi ne waken gizo mai fure ruwan ɗorawa da Kawu bai taɓa gani ba. Littafi ya nuna lambar da ta rage, amma Kawu ya ce ba ya sa hannu a kan shaidar da akuya ta ci. Motar shanu dai ya fasa.

Juma'a: Sabuwa

Ta Ɗandume muka shiga, awa uku cikin taɓo, ni da Kawu ba ma ga maciji. A wata unguwar Maguzawa muka nemi ruwa. Mai gidan, Baba Tanko, ya ga busasshen waken gizon nan a hannuna ya kwashe da dariya.

"Wannan kuka zo nema da motar gwamnati? Ni shekara talatin ina nome shi yana dawowa."

Ya kai mu bayan gonarsa, ga shi nan jingim. Kawu ya tsinka, ya miƙo mini biro.

"Rubuta lambar da kanka."

Na karɓa na rubuta arba'in da biyu.

Asabar ƙarfe huɗu na yamma muka iso Zariya, ina kujerar gaba. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Inna Laraba da Baba Tanko da alheri, ya ƙara wa Kawu haƙuri. Akuyar kuwa na yafe mata, amma ban manta kamanninta ba.