Baƙin Dutsen da Aka Niƙa wa Jikata

Ƙanƙara zuwa Ruwan Godiya

Ina sallame sallar asuba na fita tasha. Ɗiyata Zulai ta haihu a Ruwan Godiya, aka aiko mini cewa idon jinjirar ya kumbura, kwantsa ta liƙe shi. Direba ya ƙi tashi sai da gari ya waye sosai, ya ce hanyar nan ba a yi mata gaggawa. A kowane shinge 'yan sa-kai suka leƙa fuskokinmu.

Na iske surukar Zulai, Hajiya Ade, ta ɗora jinjirar bisa cinya tana rambaɗa mata kwalli. Ɗanta, mijin Zulai, ne ya tono wani baƙin dutse a gona, ita kuma ta niƙe shi a dutsen niƙan yaji.

"Hajiya, wa ya ce miki kwalli ne?"

"Baƙi ne, yana kama ido. Mi ya rage? Ke dai tun da kika shiga yaƙi da jahilci ba a sake jin daɗinki ba."

Na ƙulle guntun dutsen a bakin zane.

Sabuwa

Washegari na bi ta Sheme, na sake mota a Funtuwa, na sauka Sabuwa bayan azahar, ƙosai kawai a cikina. Can Malam Isiyaku yake, ƙanen mijina marigayi, tsohon malamin kimiyya.

Ya juya dutsen a tafin hannu. Ƙulu-ƙulu ne kamar 'ya'yan ɗinya sun manne, ya fi girmansa nauyi, ba ya walƙiya. Ya goga shi a bayan tangaran, ya bar zane baƙi mai ratsin ƙasa-ƙasa. Ya ɗiga masa ruwan wanke ciwo, sai ga kumfa tana tashi.

"Yaya Rabi, wannan manganis ne, irin baƙin garin cikin batir. Kuma ba ya zama shi kaɗai, yana riƙe wasu ƙarafa a jikinsa. Wani lokaci dalma. Nauyin nan nasa bai kwanta mini ba."

"Akwai dalmar ko babu?"

"Sai an kai ɗakin gwaji. Ido ba ya gani."

Na ce to zan sai wa jinjirar kwallin kasuwa, na gaske. Ya girgiza kai. Ya ce mai walƙiyar nan dutsen dalma ne tsantsa, kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take ci a hankali, ba zazzaɓi ba kuka. Tuwon da matarsa ta kawo ban iya ci ba.

Komawa

Na koma Ruwan Godiya da la'asar ɗin washegari. Na faɗa wa Hajiya Ade duk abin da na ji, gaban ɗanta.

"Duk 'ya'yana da kwalli na raine su," in ji ta.

"Ni ma haka. Wannan jinjirar dai ba za a sa mata kwalli ba, naki ko nawa."

Ta daɗe tana kallon idon yarinyar. Sai ta tashi, ta ɗauko tandun kwallin, ta ce wa ɗanta ya kinkimi dutsen niƙan ya rufe su bayan gari, nesa da rijiya. Ba ta yi mini sallama ba.

Da gari ya waye na kai Zulai da jinjirar asibitin Faskari, aka wanke idon, aka ba mu magani. Na iso Ƙanƙara ana kiran magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Isiyaku. Jiya Zulai ta bugo waya: yarinya ta buɗe ido duka biyu, Hajiya Ade kuma tana ta mitar an bar mata jika da farin ido kamar namiji.