Wayar Birki a Wuyan Ƙugiya

Gaiwa ba ta da mutunci. Sai ka kwashe safiya guda a bakin dam, rana na gasa maka ƙeya, ta zo ta ɗauki tanarka, ta datse zaren kamar da almakashi, ta bar ka riƙe da gora. Shi ya sa a gidanmu ba a ɗaura ƙugiya a zare kai tsaye. Wurin mai gyaran keke a Malumfashi ake zuwa a roƙo tsohuwar wayar birki, a warware ta, a zaro sili biyu a murɗa a wuyan ƙugiya kamar tsawon taƙi, a yi ɗan zobe a sama, sannan a ƙulla zaren roba a zoben. Haƙorin gaiwa ba ya cin waya.

Tun muna samari yayana ne ke wannan aikin, ni nawa jefawa. Shekarar da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, gona ta gagare shi, dam ma haka. Ɗaurin ƙugiya kaɗai ya rage masa a duniya. Da hantsi zai zauna a zaure, ya danne wayar da babban yatsan ƙafa, ya ja zaren da hagu da haƙori, yana zufa. In na miƙa hannu sai ya harare ni.

Murɗin wayar yana yin kyau. Ƙullin ne ba ya kamawa, don hannu ɗaya ba ya tamke zaren roba. Kifi na ja, sai ƙullin ya zame, ƙugiya da waya su tafi tare. Wanda ya san fatsa kuwa ba a ruɗa shi: zaren da aka ciza bakinsa a miƙe yake, wanda ƙullinsa ya zame yana dawowa a nannaɗe. Don haka kafin na hau keke nakan datse nannaɗen da haƙorina, in na iso in ce masa gaiwa ta haɗiye har ta wuce wayar ta ciji zaren.

“To gobe zan ƙara tsawo,” yakan ce, fuskarsa ta washe.

Haka muka cinye ranin nan, ina tafiya da wayar da ta kusa kamu ɗaya, ina dawowa da bokiti wayam, maiɗakina na tambaya ko kifin dam ɗin sun yi hijira ne. Wallahi na gaji. Na gaji da taka keken, na gaji da ƙaryar, har haushinsa nakan ji, sannan in ji kunyar kaina.

Wata ranar zafi na dawo a galabaice, na jingina gorar a zaure na shiga neman ruwa, ban tuna da datsewa ba. Da na fito na tarar da bakin zaren a hannunsa, yana murza shi da yatsa.

“Tun yaushe?” ya ce.

“Yaya, yau ne kawai.”

Bai ko dube ni ba. Ya tattara ƙugiyoyin da ragowar wayar ya turo mini da ƙafa.

Yanzu ni nake ɗaurawa, kuma ƙullina ba ya zamewa. Ina kawo gaiwa, ana yin farfesu a kai masa. Yana nan a zauren da hantsi, hannunsa na hagu a kan cinya, yana kallon masu wucewa.